Yatsa Uku Kafin Ƙulli

Igiyar rama ce, irin wadda ake ɗaure damin gero da ita. Wata nas a asibitin da ke hanyar Minjibir ita ta zagaya ta a ƙuguna, ta auna, ta yi ƙulli a jikin igiyar. Ta ce, "Hajiya, ranar da bakin igiyar nan ya taɓa ƙullin nan, ki dawo a rubuta sunanki. Likita ba zai tsaga ciki a kan wannan kitsen ba." Ko filin jirgi ban taɓa gani ba, jikina ne ya ja min Hajiya.

Tun ina amarya sana'ata matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. Jan turmi da ɗaga tukunya su suka sa cibiyata ta ɓullo kamar ƙwallon goruba, in ta murɗa sai na durƙusa duk inda nake. Likitocin da ke yin aikin kyauta sau ɗaya suke zuwa a shekara, bayan kaka. In na kuskure su, sai baɗi, kuma an gaya min abin yana iya shaƙe hanji kafin baɗin.

Ranar farko tsakanin bakin igiya da ƙulli ya fi taƙi guda. Na kama da zuciya ɗaya. Na daina gutsurar tunkuza in ina matsa, alhali shekara da shekaru hannuna da kansa yake kai ta baki. Tuwo malmala ɗaya, sauran cikin a cika shi da kwaɗon zogale ba ƙuli. Kullum da hantsi in taka har gonar Malam, mijina, in dawo. Wata bakwai ina haka, zannuwana suka fara zagaye ni har da rara. Ranar da na auna na ga saura yatsa uku, sai da na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki.

Shekarar kuwa ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, rumbuna ko rabi ba su kai ba, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Kowa ya rame, sai dai ni tawa ramar da gangan ce. A wani taron suna matar ƙanin Malam ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Yaya, ashe har gidanku abin ya kai?" Na ce mata ya kai, kuma daga nan gidanta ya nufa. Amma maganar ta biyo ni har gida.

Cikin makon nan kwano ya fara shigowa daga gidan maƙwabciyata, wadda katanga kawai ta raba mu. Da ma muna ciyayya, in na yi abin marmari in aika mata, in ta yi ta aiko min, sai dai yanzu kusan kullum ne. Yau ɗanwake, gobe dambu, jibi fate. A garinmu ba a mayar da kwanon ciyayya da abincinsa, cin fuska ne. Na ce a raina, to ga shi nan, an ɗauka Malam ya kasa ciyar da ni. Zan ci don in rufa masa asiri, kumatuna su ɗan dawo, bakin mutane ya mutu. Har mai nake ƙarawa daga kwalbar sayarwa.

Daga nan zama ya gagare ni. In auna da safe, in auna bayan azahar, in ja numfashi in matse igiyar har ta yi min shata. Yatsa uku. In share tsakar gidan da na riga na share. In fita zuwa gona, in kai bakin rijiya in juyo wai na manta wuta a murhu. In rantse gobe ba zan taɓa kwanon ba, gobe ta yi in suɗe shi. Na zargi igiyar da cewa ta sha raɓa ta tsuke, na zargi nas da ƙeta, na yi wa Malam faɗa a kan takalminsa da ya bari a ƙofa. Uku ta koma huɗu.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, duk lokacin da igiyar ta matso, Inna mahaifiyata nake gani. Ina ƙarama aka ɗauke ta a mota zuwa Kano a yi mata aiki a ciki, ta shiga motar da ƙafarta tana ce min in kula da kaji. A tabarma aka dawo da ita.

Ranar tantancewa muka je da Malam. Nas ta zagaya igiyar, ta ɗora ni a sikeli, ta girgiza kai. "Kin zo gab, Hajiya. Me ya faru?" Na ce yanayi ne. Ta ce sai baɗi, in Allah ya kai mu. Wallahi abin da na fara ji daɗi ne, kunya daga baya ta zo.

A mota na fara zuba. Na ce wa Malam saboda mutuncinsa na yi, kada a ce gidansa yunwa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ni tun ranar da aka ba ki igiyar nan na faɗa a ƙofar masallaci, na ce a taya ki da addu'a. Babu wanda bai sani ba." Da muka wuce wata kasuwa ya ƙara da cewa, "Tun da kika fara cin kwanon nan ban ƙara barci mai kyau ba. In abin nan ya murɗa cikin damina, hanya ta yanke, a me zan kai ki?"

Washegari kwano ya zo, dambu ne. Na ɗauke shi da kaina na zagaya gidan maƙwabciyata, na ce ta yi haƙuri, likita ya hana ni. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Ai na sani. Malam nake aiko wa. Na ga tun da kika rage tuwo shi ma ya rage nasa, yana taya ki, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai taɓa gaya miki ba?"

Wata biyu cur ina cinye abincinsa, wai ina rufa masa asiri. Na koma gida da kwanon a hannu, na ajiye a gabansa, na zauna a bakin tabarma. Na ce, "Malam, tsoro nake ji." Ya ce ya sani. Ya buɗe kwanon, ya ce in ɗauko igiyar mu ga inda aka tsaya.