Goyon da Ya Ci Lasisin Nirod Bairagi

Nirod Bairagi bai taɓa son baƙi ba, aikinsa yake so. A tsibirin Havelock aka haife shi, cikin gidan masunta, ya tashi yana warin kifi kamar ubansa. Da kamun kifi ya ja baya, masu yawon buɗe ido suka yi yawa, sai ya sayar da 'yar gonar kwakwar da ya gada, ya sayi jirgi mai inji. Ya sha baƙar wuya kafin ya samu lasisin kai mutane kallon Barren, tsibirin nan mai aman wuta. Wannan lasisi shi ne shinkafar gidansa, shi ne makarantar 'yarsa Tumpa. Sharaɗin kuwa kowa ya san shi: a kalli dutsen daga kan ruwa, kada ƙafar mutum ta taɓa ƙasar. Awakin daji kaɗai ke zaune can.

Shekara da shekaru yana bin wannan hanya ba a taɓa jin kansa da hukuma ba. Ya goge aman masu jiri, ya jure masu tambayar ƙarfe nawa dutsen zai fashe, sai ka ce shi ke kunna shi.

Sai ga wasu ango da amarya daga Delhi, Kartik da Ishani. Tun a hanya Kartik ke roƙon a sauke shi ya ɗauki hoto da akuya. Nirod ya ce a'a, ya sake cewa a'a, har bakinsa ya gaji. Da suka isa, yana duƙe yana duba inji, ya ji tsundum. Ango ya faɗa ruwa, ya nufi gaɓa da iyo, amarya na yi masa tafi.

Ya isa kam. Amma duwatsun wurin baƙaƙe ne masu kaifi kamar fasasshiyar kwalba, suka yanke masa tafin ƙafa, ya zube yana ihu, jini na zuba, igiyar ruwa na maka shi da dutse. Nirod ya san abin da taka wurin nan zai jawo masa. Ya zagi yaron, ya zagi ranar da ya ɗauko shi, sannan ya matso da jirgi, ya sauka, ya goyo shi a baya kamar jariri. Da ya ɗago kai, ya ga amarya ta saita shi da waya.

A hanyar komawa ya ɗaure ƙafar da rigarsa, ya haɗa hannu biyu yana roƙon yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba.

"'Yata, don Allah ki goge abin nan. In ya fita, na gama yawo."

"Haba Kawu, kai fa gwarzo ne. Bari duniya ta san ka."

Duniya ta san shi kuwa. Kafin mako ya zagayo, ga fuskarsa a kowace waya, ga lambar jirginsa ɓaro-ɓaro, ga ƙafarsa a kan ƙasar da aka hana. A ofishin hukuma wani ma'aikaci ya yaba masa sosai, har ya ce shi ma ya nuna wa matarsa hoton, sannan ya karɓe lasisin. Ango ya biya tara ya hau jirgin sama. Daga baya ya aiko da kwalin alewa, wai godiya.

Matarsa Malati ta ce, "Baban Tumpa, da ka bar shi fa?" Ita ma ta san ba zai iya ba, kuma abin da ke ƙona masa rai ke nan. Tumpa ta dawo gida daga Port Blair, karatu ya tsaya. Jirgi yana kan yashi, fenti na ɓarewa.

Yanzu kwakwar wasu yake sara wa baƙi a bakin teku, yana sara kamar da ita yake faɗa. Ran nan wata mata ta gane shi, ta kira mijinta da murna, wani ƙato mai tumbi. Ta ce don Allah Kawu ya goya shi kamar yadda ya goyi wancan, ta ɗauki hoto.

Nirod ya dube su, ya ajiye adda. Ya duƙa, ƙaton ya haye. Ya taka da shi cikin ruwa har gwiwa, ya wurgar da shi iya ƙarfinsa. Ya juyo yana huci, yana jiran a zage shi, a kira ɗan sanda, a yi kowacce za a yi.

Matar na riƙe da ciki don dariya. Ta ce wallahi ya yi kyau, sai dai rana ta haske mata hoton, ya daure ya sake.