Tafin Ƙafar Inna

Mahaifiyata maginiyar tukwane ce a Wudil. Abin da na fi tunawa da ita tun ƙuruciyata shi ne tsayuwarta a ramin kwaɓa a bayan gida, ta tattare zani zuwa gwiwa, tana taka yumɓu da ƙaiƙayi har ya yi laushi. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni. In tana da magana da ni sai ta faɗa wa ƙanwata, ko da kuwa ina zaune a wurin. Haka na tashi na gani, ban taɓa ɗaukarsa komai ba.

Lokacin da kuɗin man fetur suka cika ƙasa ina koyarwa a firamare a Indabo. Aka ƙara mana albashi, na sayi babur, na yi wa ɗakin Inna rufin kwano. A wannan tsakanin ne ta fara ramewa. Sai ta shanye kwanon ruwa ta nemi ƙari, ga yawan zagayawa. Ƙanwata ce ta lura tururuwa na taruwa a inda ta yi fitsari, ta faɗa mini cikin jin nauyi.

Na kai ta wani ɗakin shan magani. Malamin da ke wurin dattijo ne mai fara'a, ya san mahaifina kafin ya rasu. Ya ɗiga fitsarinta a 'yar kwalba mai shuɗin ruwa, ya ɗora a wuta, ruwan ya koma ja. Ya ce ciwon suga ne. Ya ba ta ƙwayoyi, ya hana ta rake da zuma da tuwon shinkafa, ya ce duk wata a kawo ta.

Shekara biyu muna zuwa, ba mu taɓa fashi ba. Kullum abu ɗaya ne: doguwar gaisuwa, gwajin fitsari, rubutu a kati, ƙwaya a ƙunshin takarda. Na sayo mata takalmi sau-ciki daga Kano, ita kuwa ba ta saka shi sai ranar asibiti, don a ga ɗanta ma'aikaci ne. Da shi take shiga, da shi take fita. Sau biyu na ji da kunnena tana gaya wa malamin cewa ƙafafunta sun yi mata dundum, kamar a kan auduga take tafiya. Ya yi dariya ya ce sanyin laka ne da tsufa, ya ba ta man zafi. Ni ma na taya shi dariyar. Ina da ilimin da zan koya wa yaran mutane sunayen kogunan duniya, amma bai zo mini a rai in ce ya duba ba.

Wata ranar Laraba ƙanwata ta same ni a makaranta, ta biyo motar kasuwa. Ta ce kwana biyu tana jin wani wari a ɗakin Inna, yau da ta ɗaga tabarma ta ga tabon jini da ruwa. Na goyo ta muka taho.

Ranar ce na fara riƙe ƙafar mahaifiyata tun da na yi wayo. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Tafin ya yi kanta saboda shekarun taka laka, a ƙarƙashin babban yatsa kuma akwai rami, bakinsa ya yi fari, cikinsa ya yi duhu. Ƙanwata ta sa tsinke ta zaro guntun tsingaro. Ba wanda ya san tun yaushe yake ciki, ita ma ba ta sani ba.

"Ki ce masa ya saki," in ji Inna. "Ba ya mini ciwo."

Da na kai ta wurin malamin, ya wanke, ya shafa shuɗin magani, ya naɗe. Na roƙe shi ya ba mu takarda mu tafi babban asibiti a Kano. Sai fuskarsa ta canza. Ya ce gyambon da ya warkar a garin nan ba ya ƙirguwa, yaran zamani ne da zarar sun sayi babur sai su raina na gida. Na ji kunya, na ba shi haƙuri. Wannan haƙurin da na bayar ya ci mana mako uku. Duk bayan kwana biyu a kwance, a wanke, a naɗe, warin yana ƙaruwa. Sai da yatsan ya yi baƙi, kumburi ya haura idon sawu, zazzaɓi ya rufe ta, sannan ya yago takarda ya rubuta layi uku bai dube ni ba.

Kano a lokacin ko'ina gini ake. A harabar asibitin ma akwai sabon bene da ake shafa wa fenti, ga manyan akwatunan na'urori a jibge a rana ba a buɗe ba. Muka kai takardar inda aka nuna mana, aka ce ba nan ba ne, sashen masu fiɗa za mu. Can kuma aka ce likitan ranar Litinin kaɗai yake ganin sababbin zuwa, mu kuwa Talata muka zo. Na nuna wa mai ba da kati ƙafar. Ya toshe hanci ya ce kowa da ke layin nan da abin da ya kawo shi. Muka koma Wudil a bayan a-kori-kura, Inna na kwance a jikin ƙanwata.

Ranar Litinin muka ga likitan. Baƙo ne daga wata ƙasa, wata nas ce ke fassara. Da ya kwance ƙyallen bai daɗe yana kallo ba. Ya sa aka cire mata ɗaya takalmin, ya ɗauki allura yana taɓa tafin mai lafiyar wuri-wuri, yana tambaya ko ta ji. Ba ta ji ba. Ya juyo gare ni ya tambayi tun yaushe take karɓar magani. Na ce shekara biyu, duk wata.

"Wa yake duba mata ƙafa?"

Na ce babu.

Nas ɗin ta faɗa mini abin da ya ce a hankali, kamar tana tausaya mini. Mai wannan ciwon, in ji shi, duk zuwan da zai yi asibiti sai an sa ya cire takalmi, a gida ma a duba kullum, kuma duk ciwon da ya yi mako bai kama hanyar warkewa ba a turo shi nan take. Dubawar ba ta kai tsawon gaisuwa ba. Yanzu kam sai dai a yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba za a rasa ta gaba ɗaya.

Ni na sa hannu a takardar. Da ƙanwata ta yi mata bayani, Inna ta ce a tambaye ni ina za a kai wadda aka yanke. Washegarin aikin na karɓi ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, na kai maƙabarta, wani mai haƙa ya tona mini ɗan rami. Ban san addu'ar da ake yi a irin wannan ba, na tsaya kawai har ya mayar da ƙasa.

Ta ƙara shekara uku a duniya. Ba ta sake gina ko kasko ba. Tana zaune a ƙofar ɗaki da sanda, ta daina son a zo gaishe ta. Kowace safiya ƙanwata takan wanke ɗaya ƙafar, ta bi tsakanin yatsu, ta shafa man gyaɗa. Wannan ƙafar ba ta taɓa yin ko ƙurji ba har ta koma ga Allah. Abin da ake buƙata ke nan tun farko, ruwa da ido.

A zaman makokinta malamin ya zo. A lokacin an ƙara masa girma, ya sayi mota. Ya zauna kusa da ni a tabarma, ya ce ciwon nan haka yake, in ya kama mutum ba a iya masa, ƙaddara ce. Da yake shi ne babba a wurin, aka ce ya yi addu'a. Ya yi mai tsawo, muryarsa har da rawa. Na shafa tare da kowa, na raka shi har bakin mota, na yi masa godiya.