Ranar da Na Zauna Tsakanin Layi Biyu

Jama'a, ku gyara zama ku kasa kunne, tsohuwa za ta faɗi laifinta. Ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru, waɗanda suka gani kuma suna nan da ransu. Ni ban yi lakol ba, ban san boko ba, matar ɗana ce ke rubutawa ina faɗa mata.

A wancan lokaci ni ce uwar mata ta jam'iyyarmu, a wani ƙauye tsakanin Agiye da Cadawa. Jam'iyyar talakawa ce, ta masu cewa kowa daidai yake da kowa, kuma tun da na shige ta ba mu taɓa ɗanɗana mulki ba, kullum muna adawa. Ba don na iya siyasa aka ba ni mata ba. Ni ke karɓar haihuwa, ni ke wankan gawa, to inda na sa ƙafa nan mata ke sawa. Da zaɓen komin, wato na ƙaramar hukuma, ya matso, abu guda muke nema: kujera ɗaya ta konseye, wato kansila, don a samu mai tashi a buron magajin gari ya yi maganar burtali, hanyar shanun da wani mai hali ke ta ci da garma. In burtali ya toshe, shanu gonakinmu za su faɗa. Kujerar nan kuwa ba ta samuwa sai manoma da Fulani sun jefa ƙuri'a wuri guda. Kowa ya san haka, har ni.

Mutum biyu ke son a tsayar da su. Na farko tsohon mushen lakol ne, wato malamin makaranta, da ya aje aiki. Baki gare shi kamar rediyo, in ya fara bayanin haƙƙin talaka sai ka ce gobe za a raba mana duniya. Kowa kamarad ne a wurinsa, har surukinsa. Sai dai ba ya saurare. In ka kawo masa kuka, kafin ka kai rabi ya karɓe maganar ya gaya maka abin da ke damunka. Na biyu dattijon Bafulatani ne mai shanu, wanda in an yi ɓarna a gona shi ke zuwa ya duba ya faɗi gaskiya, ko da shanun ƙanensa ne. Amma in an ba shi magana a mitin, sai ya tashi ya ce an gode Allah, ya zauna.

Mushe ne ya fara zuwa gidana bayan la'asar. Ya zauna bisa tabarmata, ya sha furata, sannan ya tambaye ni ina mata suka dosa. Ku gaya mini, mutum na bisa tabarmarka, furarka na bakinsa, ta ina a'a za ta fito? Na ce masa mata na bayansa. Bayan kwana biyu Bafulatanin ya zo, matarsa na biye da ƙwaryar nono. Shi bai ma tambaya ba. Ni na ji nauyinsa, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, mata na bayansa. Na raka su ina cewa a raina kafin ranar tsai da ɗan takara, Allah zai sa ɗaya ya janye. Ba wanda ya janye.

Rannan wakilin jam'iyya ya zo daga Maradi da littafinsa, aka taru da hantsi a gindin gawon kasuwa. Ya ce a jam'iyyar talakawa ba a naɗi, jama'a ke zaɓe, don haka kowane ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi bayansa. Manoma suka bi mushe, Fulani suka bi nasu, layi biyu kusan tsawo ɗaya. Mata na tsaye gefe, duk idonsu a ƙafata. Mushe na yi mini murmushi. Bafulatanin ya ɗan matsa don ya ba ni wuri. Na taka, na taka, da na kai tsakiya sai na dafe gwiwa na ce sanyi ya motsa, na zauna a ƙasa. Ƙarya nake, gwiwata lafiya lau. So nake a ƙirga a gama ban tashi ba. Da na waiwaya, sai ga mata duka sun zo sun zauna bayana, har da masu goyo, layi ya wuce rumfar mahauta.

Wakili ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce, "Inna, layinki ya fi na kowa."

Na ce, "Ɗana, ni ba layi nake ba, gwiwa ce."

Ya ce dokar jam'iyya ba ta san gwiwa ba, mai yawan jama'a a baya ta sani, ya rubuta sunana. Mushe ya yi dogon jawabi cewa an yi wa talaka juyin mulki da rana tsaka, kuma ranar bai kira ni kamarad ba. Bafulatanin ya dube ni sau ɗaya, ya saɓa sandarsa ya tafi, mutanensa suka bi shi.

Nan ne babban laifina. Da na tashi a lokacin na ce na yi wa kowannensu alkawari, kunya ce ta zaunar da ni, da watakila an gyara. Amma mata suka rangaɗa guɗa, wata ta kira ni shugaba, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta yi mini daɗi. Na riƙe takarar. Shugabancina kuwa kalma ɗaya ce, to. Manoma suka ce a karkatar da burtali arewa, na ce to. Matan ruga suka ce a bar shi inda yake, na ce to. Ƴan jam'iyya mai mulki suka zo gaisuwa da goro, suka roƙi su manna takardarsu a rumfarmu, na ce to. Kafin wata ya mutu mun rabu uku, ƴan mushe, ƴan ruga, ƴan Inna, kowa na rantsuwa shi ne talakan asali. Benci guda da jam'iyya ta mallaka aka yi ta ja har ƙafarsa ta cire.

Ranar zaɓe ƴan mushe suka kai ƙuri'unsu wani wuri, Fulani suka kora shanu ba su fito ba, matana kaɗai ba su isa ba. Kujera ta tafi hannun mai garmar nan. Da damina ta zagayo, burtali ya zama gonar gyaɗa, gonar wakena ce kuma ta farko da shanu suka shiga.

Na daɗe ina zagin mushe a raina don ba ya saurare, ina ganin Bafulatani bai iya magana ba. Yanzu na gane kowannensu ya fi ni, don ko banza an san inda suka tsaya. Ku da ake bi, mata da maza, ku koyi cewa a'a tun magana na cikin gida, da murya mai laushi in kuna so. Wanda ka ƙi a fili zai yi fushi ya huce. Wanda ka yi wa to ta ƙarya, shi da duk mutanensa ka rasa.

Wakili, na ji an ce yana sayar da taki a Gazawa. Mushe ya kafa tasa jam'iyya, shi ne shugaba, surukinsa ne sauran jama'a, yana nan yana jawabi wurin mai shayi a tashar Agiye. Bafulatanin ya tashi da iyalinsa da shanunsa zuwa wajen Sae Sabuwa. Na aika masa neman gafara sau biyu, amsa ba ta zo ba. Ranar kasuwa nakan zauna kusa da masu nono, ko zan ga wadda zan sake aikawa, don shekaruna sun yi nisa.