Gwangwanin Makullan da Madam Nneka Ta Bar Min

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, ina yanka nama da hantsi, aka zo aka ce min Madam Nneka ta rasu a asibiti. Na ajiye wuƙar. Ni ban yi karatu ba, maƙwabcina ne ke rubuta wannan, amma maganar tawa ce, na kuma hana shi gyara ta.

Madam, tun gemuna yana baƙi na kafa tukubar tsirena a ƙofar mashayarki a Sabon Gari. Ban taɓa taka cikinta ba, ba ki taɓa cewa in shiga ba. Ta taga muka yi zumuncinmu.

Yaran yanzu ba su san mafarin dokar makulli ba, ni na sani. Wani tela ne ya tashi daga teburinki ya hau babur, bai kai Fagge da rai ba. Kin rufe mashayar kina kuka. Da kika buɗe, kika ce duk mai abin hawa ya miƙa min, ni Baba Dabo, makulli kafin a buɗe masa kwalba. A tsohon gwangwanin yaji nake zuba su. In mutum ya fito, sai in ba shi tsinke da tsoka in ce ya soka. In hannu ya yi rawa, babu makulli, sai dai ya hau A Daidaita Sahu. A ciki kuwa, in kika kifa wa mutum kofi, ya gama sha ke nan. Sai ruwa da farfesu.

Celestine makanike ya fi kowa zagina. Wata rana ya ce, "Tsoho, babur ɗin na ubanka ne?" Kika leƙo ta taga kika ce, "Baba, bar shi ya yi ihu. Gawa ce ba ta ihu."

'Ya'yana sun daɗe suna cewa in dawo gida Rijiyar Lemo, wai zamana a ƙofar giya yana zubar musu da mutunci. Na yi musu alkawari ran da kika bari, na bari. Ga shi kin bari. Ɗanki Somtochukwu ya buɗe wurin, ya ce dokar tana korar masu ciniki, ba a kifa wa kowa kofi yanzu. Har na fara ɗaure kayana. Jiya Celestine ya zo, ba wanda ya tambaye shi, ya jefa makullinsa a gwangwanin. Ya ce, "Baba, ko na zage ka, kar ka ba ni."

To, Madam, ina zan je?

Allah ya dubi rayukan da kika tsare, ya yi miki sassauci. Allah ya ba Somtochukwu da 'yar'uwarsa Peace haƙuri, ya sa yaron nan ya koyi kifa kofi tun ina da sauran numfashi.

Dabo Mai Tsire, Sabon Gari, Kano