Kujerar Gaban Zabuwa

Ranar Alhamis ce, kasuwar Batsari na ci, a kakar shekarar da aka yi mana kaciya ni da ƙanena Sada. Muna zaune a zaure, ba mu gama warkewa ba, sai muka ji ihun yara daga bakin gari. Muka fito muna tafiya a buɗe kamar agwagi. Bijiman huɗarmu muka gani suna jan wata 'yar ƙaramar mota da igiyar rijiya. Baba yana ciki riƙe da sitiyari, hula a karkace, yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya dawo daga Makka. Motar ba ta da rai. Ƙofa biyu gare ta, gilashin baya babu, jikinta duk dabbare-dabbaren yaɓe da tsohon fenti, fari a kan ruwan toka. Wata tsohuwa ta dafa sandarta ta dube ta, ta ce, "Dikko, wannan ai zabuwa ce ka jawo mana." Sunan ya bi ta har yau. Inna kuwa leƙowa ta yi ta kan danga ta ce, "Saniyar da ke ba mu ka kai kasuwa, ka ɗauko wadda sai an ba ta." Ta koma ga dakanta.

Baba manomi ne, ba makanike ba. A hannun wani malamin makaranta da aka ɗauke daga Safana ya saye ta, kuma tun daga ranar hankalinsa ya rabu biyu, rabi a gona, rabi a gindin ɗorawar da ke bayan rumbunmu, inda ya ajiye ta. Duk ranar kasuwa sai ya je ya tsuguna a garejin bakin tasha yana kallon hannun makanikai, ya dawo ya gwada abin da ya gani. Ya shimfiɗa tabarmar da muke cin tuwo a kai ya jera mata kayan cikinta, ya wanke su da kananzir a kwanon miyar Inna. Gero ya bushe a gona yana jiran yanka, Baba yana kwance ƙarƙashin Zabuwa, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya ɗaga mata sifirin saboda ramukan hanyar Ruma. Ya kai tsohon gadon ƙarfe wurin mai walda aka yi mata kariyar ɗora kaya a sama. Ya samo hon na babbar mota ya ɗaura mata, in ya danna sai jakuna su tsinke igiya. Kujerar baya ya cire ta gaba ɗaya don buhunan rogo da gyaɗa su sami wuri. Ta gaba kuwa, wadda ke gefensa, ya lulluɓe ta da buzun ragon layya, fari tas. Kujeru biyu ke nan suka rage, tasa da wannan. Mu kuma 'ya'yansa maza mu biyu ne.

Kafin damina ta zagayo Zabuwa ta yi tari ta tashi, amma da lahani biyu. Kik ɗinta ya mutu, ba ta tashi da makulli sai an tura. Famfon da ke jawo mai daga tanki shi ma ya mutu. Dabarar da Baba ya gani a gareji ita ya yi. Ya zuba mai a galan, ya zura tiyo ta taga har cikin inji, wani ya zauna a gaba ya riƙe galan ɗin a kafaɗa don man ya riƙa gangarowa da kansa. Aiki biyu ke nan, turi da riƙon galan. Ya tsaya ya dube mu. Ni na girmi Sada, ga ƙirji, ga damtse, tun ina ƙarami nake ɗaukar damin dawa ni kaɗai. Sada siriri ne kamar sillen kara. Baba ya ce, "Rabe, kai ƙaƙƙarfa ne, koma baya. Sada, shiga ka riƙe galan." A ranar yabo na ɗauke shi. Har na ɗaga kafaɗa.

Daga ƙofar gidanmu zuwa rafi akwai 'yar gangara. A nan nake kafa ƙafa in sa kafaɗa a bayanta in yi ta nishi, har Baba ya saki giya, ta yi tsalle, ta watso min baƙin hayaƙi a fuska. In ta kama ba ta jira, don da zarar ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Haka zan tsaya a tsakiyar hanya ina kallon ƙeyarsu biyu ta inda gilas ya kamata ya kasance, babba da ƙarama, suna gyaɗawa tare har su ɓace a bayan kukoki. Sai in goge fuska in koma in kwance awaki. Kiwo nawa ne, yankan ciyawa nawa ne, ɗebo ruwa a rijiyar bakin fadama nawa ne. Na taɓa ce wa Baba, in ta mutu a hanya fa, wa zai tura? Ya ce, "Hanya ba ta rasa mutane." A Batsari kuwa kan gangara yake ajiye ta, ya sa mata dutse a taya.

Da Sada mugu ne da abin ya zo min da sauƙi, sai in kai shi bayan rumbu in tumurmushe shi. Ba mugu ba ne. Zai dawo da la'asar da guntun rake a aljihu ya miƙo min yana cewa, "Yaya Rabe, yau mun wuce akori-kura a Yasore, direban har zagin Baba ya yi!" Ni ba raken nake ji ba, warin fetur nake ji a rigarsa, kuma da za a sayar min da wannan warin da na saya. Shi Baba ke gaya wa sunan kowane ƙarfe. Shi ya san abin da ke ba Baba dariya a hanya, da inda yake tsayawa ya sha fura. Da aka zo rubuta yara makarantar boko a garin da ke gaba da mu, Sada aka rubuta, tunda hanyar mota ce. Ni ta bayan filin makarantar nake wucewa da awaki, in hango shi yara sun zagaye shi yana nuna musu yadda ake sa giya da sandar rogo. A dandali duk motar karan da aka ƙera sai an ɗiga mata toka ta zama zabuwa, sannan a kai wa Sada ya duba. Tawa ta fi ta kowa, har da tayoyin sakaina da hon na ƙahon akuya. Ita ma sai da aka kai masa. A langa da kokawa babu mai kayar da ni, amma wannan bai taɓa sa wani ya tambaye ni yadda Batsari take ba.

A al'adarmu in aka yi wa yaro kaciya ana ba shi kaza. Ta Sada shaho ya ɗauke mata 'ya'ya, ita kuma aka yanka wa baƙo. Tawa na tsare ta kamar ido, ta yi ta ƙyanƙyasa har na musanya kajin da 'yar akuya ja. Ina kiwonta ina tunani ɗaya. In famfon mai ya samu, riƙon galan ya ƙare. In riƙon galan ya ƙare, Sada ba shi da dalilin zama a gaba, kujera ta koma hannun babba. Da akuyar ta isa, na gaya wa Inna zan kai ta kasuwa. Ta dube ni ta ce, "Taka ce." Na ja ta a ƙafa har Batsari, na sayar, na nufi rumfar 'yan gwangwan inda ake kwance matattun motoci. Na nuna wa mai rumfar irin motarmu, ya tono min famfo daga cikin tarkace. Na naɗe shi a rigata na dawo tsirara daga ƙugu zuwa sama.

Ban taɓa ganin Baba ya yi murna irin ta ranar ba. Ya hura famfon, ya kara shi a kunne, ya juya shi ya sake juyawa. Ya wuni a ƙarƙashin ɗorawa yana ɗaurawa. Da ta tashi ba galan, sai da ya zagaya gari da ita yana danna hon. Bayan sallar la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce wa dattawa, "Rabe ya yi abin manya." Washegari da sassafe na yi wanka, na sa rigar Sallah, na je na tsaya a bakin ƙofar gaba. Baba ya fito yana ɗaure wando ya ce, "Mi kake jira? Koma baya mana." Na ce, Baba, galan ai ya ƙare. Ya ce, "Galan ya ƙare, turi bai ƙare ba. In ka shiga wa zai tura?"

Sada ya riga ya zauna. Ya dube ni, ya sauko ya ce, "Baba, bari in gwada. Yaya, shiga." Na shiga. Buzun da ɗuminsa. Ga hannun Baba a kan giya dab da gwiwata, ga warin fetur, ga hanya shimfiɗe a cikin gilas. Sada ya sa kafaɗa ya yi nishi, ya sake, har takalminsa ya tsinke. Zabuwa ko motsi. Masu tafiya gona suka tsaya da fartanya a kafaɗa suna dariya, wani ya ce, "Dikko, sauro ka sa ya tura raƙumi?" Baba ya dube ni. Na buɗe ƙofa na sauko. Iyakar zamana a kujerar nan ke nan, kuma a mota tsaye. Kafin in zagaya baya da rigar Sallah, na ce masa ta taga, to Baba ka sai mata kik. Ya miƙo hannu ya dafa kafaɗata, da alfahari ya faɗa, kowa na ji, "Ina da kai, mi zan yi da kik?" Na tura. Suka tafi, Sada ya ɗora gwiwar hannu a taga, hannunsa biyu babu komai. Akuyata ta sauke masa kaya, iyakar abin da ta yi ke nan. A rumfar nan akwai kik, na gan shi da idona kusa da famfon. Aikin Sada na je kashewa, ban tuna da nawa ba.

Haka muka girma. Sada ya koyi tuƙi da kallo, ni na koyi noma da yi. Da Baba ya rasu aka zo rabon gado, babbar gonar bakin daji ta faɗo min, Sada ya sami Zabuwa da 'yar fadama. Kowa ya ce ni na yi sa'a, wa zai haɗa ƙasa da gwangwani. Sai daji ya lalace. 'Yan bindiga suka fara da shanu, suka koma kan mutane. Na binne waɗanda na binne. Wata rana da hantsi muka kwashe abin da kai zai iya ɗauka muka bar garin, kuma ba mu koma ba. Gonar tana nan inda take, sai dai ba mai isa gare ta. Sada kuwa tuni Zabuwa ta kai shi Safana, yana da garejinsa da yaransa, ƙananan motoci yake gyarawa ana layi.

Ni a Batsari na yi dako, na yi turin amalanke, abin da na iya ke nan. Da na sami hali na sayi matacciyar ƙaramar mota, ita ma ƙofa biyu, na ajiye ta a gindin wata bishiya ina tsugunawa a gareji ina kallon hannun mutane. Na ɗaga mata sifirin, na yi mata kariya. Amma abin da na fara ɗaura mata kik ne, sabo fil, kuma ban taɓa bari ɗana ya sa kafaɗa a bayanta ba. Bara na je Safana gaisuwa. Zabuwa tana bayan garejin Sada a kan duwatsu, ba taya, kaji na ƙwai a cikinta. Na tsaya ina kallon kujerar gabanta. Ya ga inda idona yake, ya karɓi sifana a hannun yaronsa ya kwance kujerar da kansa. Ya ce, "Yaya, ɗauki. Ni fa kafaɗata ciwo take da galan ɗin nan, kai nake hange kana tafiya da awaki ina cewa ina ma ni ne." Ƙarya yake, don ya faranta min ne. Na karɓa.

Mai walda ya daidaita min ita a motata, na samo buzu fari na lulluɓe ta. Yanzu makulli ɗaya nake murɗawa ta tashi, ba hayaƙi a fuskar kowa, ba wanda ake bari a tsakiyar hanya. Sai dai hanyar da nake so in bi ta rufe, ɗorawar nan ban san ko tana tsaye ba, kuma ni ne a sitiyari. Ɗana ke zama a kujerar, yana ɗora gwiwar hannu a taga. Wanda na so in zauna a gefensa yana kwance a maƙabartar da ba ma iya zuwa. Sada ya san gefen fuskar Baba, ni ƙeyarsa kawai na sani.