Tsakuwa a Injin Baba

Shekarar da nake aikina na ƙarshe a karatun injiniya, ba ni da ƙawa sai kwamfuta. Na zana injin ban ruwa a cikinta, da fankarsa da komai, ina sakar masa ruwan ƙarya ina kallon yadda yake murɗawa. Kumfa nake farauta. Idan inji ya sha wuyar jan ruwa, ruwan kan tafasa da sanyinsa a bakin fanka, kumfar ta riƙa fashewa tana gutsurar ƙarfe. A allona ja take fitowa.

Babana yana da lambun kabeji a Naraguta, gefen wani tafki da masu haƙar kuza suka bari. Da rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya, ya ce injinsa ya fara ƙara kamar yana tauna tsakuwa, zai sauko da shi kusa da ruwa. Wato sai ya sare gaɓar da diga, ga shi bayansa ba lafiya. Na auna tsayin gaɓar, na auna tiyo, na zuba wa kwamfuta. Ko ɗigon ja babu.

"Baba, bar shi inda yake. Na duba."

"To, injiniya," ya ce, ya jingine digar. Sai da ya ba har maƙwabcinsa na lambu labarin 'yarsa ta duba.

Bayan mako biyu ruwan da injin ke turowa ya koma tsiyaya, daidai lokacin da kabeji ke naɗe kai. Makanike ya buɗe injin, fankar kamar gara ta ci.

Kwana uku ina ɗora wa tiyo laifi, ina ɗora wa masu ƙera injin. Sai idona ya faɗa kan wani gurbi da ban taɓa taɓawa ba: nauyin iska. Manhajar ta zo da na bakin teku, na bar shi haka. Alhali iska ce ke danna ruwan tafki ya hau tiyo, mu kuwa a kan tsauni muke, tamu ba ta kai wancan nauyi ba. Ni da aka haifa a nan, nake yi wa baƙi dariya idan sanyi ya kama su, na manta a Jos nake. Ina gyara lambar, fankar ta yi ja wur. Kunya ta rufe ni.

Na same shi a lambu yana saran gaɓar, hannu ɗaya a ƙugu. Rabin kabejin ya riga ya kwanta. Na faɗa masa komai, ban rage ba.

Ya share gumi. "Ai kullum ina jin tsakuwar," ya ce. "Sai in ce kunnena ne, tunda 'yata ta duba."

Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Na cire takalmi, na karɓi digar.