Muryar da Yayata Ta Ɗauka a Waya

Shekara shida na yi ina sakataren jam'iyya a mazaɓarmu, tsakanin Kura da Bunkure. Aikin bai taka kara ya karya ba: rubuta sunayen mahalarta taro, rabon taki idan ya zo, da tara jama'a ranar da ɗan majalisarmu zai shigo gari. Onarabul muke ce masa. Sauran lokaci ina gonata ta tumatir a bakin kanal ɗin ban ruwa.

Ina da yaya, 'yar yayar mahaifiyata, ta girme ni da shekara huɗu. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku, da gumin shinkafa take ciyar da su. Dillalai su kawo mata shanshera, shinkafar da ba a cashe ba, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, a kai inji a cashe. Ita ce shugabar matan unguwarsu masu wannan sana'a.

Wata shekara aka ce Onarabul zai ba ƙungiyoyin mata ƙaramin injin casa. Ni na rubuta sunan ƙungiyarsu, ni kuma na ba mutanensa lambar wayarta. Ta je ofishinsa a birni tare da mata biyu, aka shigar da ita ita kaɗai, aka bar su a kan benci. Ta fito ba ta ce musu komai ba. Daga nan ya fara kiranta da kansa. A kira na uku ta ɗauki maganar a wayarta.

Da aka kwana biyu inji bai zo ba, matan suka fara gunaguni, har wata ta ce ko shugaba ta karɓa ta sayar. Ranar taronsu Yaya ta ajiye wayar a kan tabarma ta kunna musu. Wata ta roƙa a tura mata. Kafin kasuwar Bunkure ta sake ci, ba wanda bai ji ba.

Ni a gona na ji, a wayar maƙwabcina. Onarabul yana ce mata injin nata ne, ta same shi a wani masauki a birni ranar Alhamis, kada ta zo da kowa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni uwar 'ya'ya ce." Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa.

Washegari da hantsi ciyaman na jam'iyya ya kira ni shagonsa na taki da iri.

"Sakatare, yayarka ce ko? To ka je ka same ta. Ta fito ta ce haɗa muryar aka yi, 'yan adawa ne suka yi amfani da wayarta. Inji zai zo cikin satin nan. Akwai kuma kujerar Makka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, idan ta ƙi fa?"

"Mace ce ba miji. Ita abin zai fi ɓata wa suna. Ka fahimtar da ita."

Na same ta a filin shanya tana juya shinkafa da manjagara. Na gaishe ta, na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Ba ta daina aikin ba sai da na kai ƙarshe.

Ta ce, "Ka saurara?"

"Na saurara, Yaya."

"Muryar wa ce?"

Ta jingine manjagarar, ta sake tambayata.

"Shekara nawa kana riƙe masa lasifika a wajen taro? Muryar wa ce?"

Na ce, "Tasa ce."

"To je ka faɗa wa ciyaman ɗin naka haka. Makka kuma idan Allah ya kira ni zan je."

Na koma na ce ta ƙi. Sauran maganar ban faɗa ba.

Da gidajen rediyo suka ɗauki zancen, jam'iyya ta kafa kwamiti. Aka kira Yaya birni, na raka ta. Maza biyar ne a bayan tebur, Onarabul bai zo ba, lauyansa ya turo. Suka tambaye ta me ya sa take ɗaga wayar namijin da ba muharraminta ba, me ya sa ta shiga ofis ita kaɗai, kuma a ina ya samu lambarta. Na ɗaga hannu na ce ni na bayar. Shugaban kwamitin ya juyo gare ni.

"Tunda ka san shi, muryarsa ce?"

Ciyaman yana zaune a gefe yana kallona. Na ce, "Ta yi kama da tasa."

Aka rubuta. Ni da Yaya muka hau mota muka kama hanyar gida. Sai da za ta sauka ta ce, "Ta yi kama," ta rufe ƙofa.

Rahoton kwamitin bai fito ba har yau. Injin aka ba wata ƙungiya. Dillalai biyu suka daina kawo mata shanshera, ɗaya ya ce ba ya son rigimar siyasa, ɗayan bai ba da dalili ba. 'Yarta ta yi sati ba ta je Islamiyya ba saboda tsokana. Wasu mata biyu daga wani ƙauye suka zo har gida suka gaya mata su ma ya yi musu haka, amma suka roƙe ta kada ta ambace su, mazajensu ba su sani ba. Ba ta ambace su ba.

Ranar zaɓe layin mata a akwatinmu ya fi na kowace shekara tsawo. Onarabul ya faɗi a akwatunan garinmu duka, ya ci a sauran wurare, ya koma kujerarsa. Ni aka cire ni daga sakatare, aka ce ban iya riƙe mutanena ba. Ban yi gardama ba. A zaɓen da ya biyo baya jam'iyya ta hana shi takara, saboda ya ɓata da manya a kan wata magana daban. Ba wanda ya tuna da batun muryar.

Yaya tana nan tana gumi. Ɗaya daga cikin dillalan ya dawo da kansa, don ba mai yi masa aiki irin nata. Muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza. Bara, bayan an gama kwashe tumatir, na je na nemi ta yafe min abin da na faɗa a gaban kwamiti.

Ta ce, "Na yafe maka tun tuni. Amma da za a sake kirana, ba kai za ka raka ni ba."

Ta sa aka kawo min ruwa, muka yi hirar kuɗin taki, na tashi na tafi.